Wane hob zan saya wa laftof ɗina don tebur ya huta da tarin wayoyi?

Sadiq_Lissafi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar nan. Aikin lissafi nake yi wa wasu 'yan kasuwa, kuma yawanci a gida nake yinsa, a kan wani ɗan tebur da ke kusurwar ɗaki wanda tsawonsa bai kai mita ɗaya ba. A kansa akwai laftof, ThinkPad T480 da na saya ta hannu, da monita mai inci 24, da kibod, da maus, da firinta a gefe, sai had dis na waje da nake ajiye fayilolin mutane a ciki. Duk ranar da zan fita da laftof sai na zare wayoyi biyar, in na dawo kuma in bi su ɗaya bayan ɗaya in mayar. Jiya ƙaramar 'yata ta ja wata waya da ke reto, had dis ɗin ya faɗo ƙasa. Allah ya tsare bai lalace ba, amma gabana ya faɗi ƙwarai, don amanar mutane ce a ciki.

Abin da nake so shi ne ƙaramin abu guda da zan tara komai a jikinsa, waya ɗaya tak ta shiga laftof. Na ga ana tallar irin wannan abin, wato hob, mai rami 6, mai 8, har mai 12. Wanne ya dace da ni?

Injiniya_Bello:
Wa alaikumus salam Malam Sadiq. Kafin ka ƙirga ramukan hob, fara duba ramin laftof ɗinka, domin shi ne sarki. Ramukan USB-C kamanninsu ɗaya, aikinsu ba ɗaya ba. Wani fayil kawai yake wucewa ta cikinsa, wani yana karɓar caji, wani yana fitar da hoto zuwa monita, wani kuma yana yin duka ukun. Hob ba ya ƙirƙiro abin da laftof ba ta ba shi ba. In ramin ba ya fitar da hoto, ko hob ɗin zinare ka sayo, monita baƙa ƙirin za ta zauna.

Kai dai ka yi sa'a. T480 tana da ramin USB-C biyu a gefen hagu, dukansu suna karɓar caji kuma suna fitar da hoto, ɗaya daga ciki ma Thunderbolt 3 ne, wato irin ramin USB-C mai saurin gaske. Saboda haka ƙofa a buɗe take gare ka.

Maman_Haidar:
Wannan magana ta Injiniya ita ce gaskiyar da ban sani ba sai da na yi asara. Na sayi hob mai kyau don in riƙa haɗa laftof da talabijin ina koya wa yara karatu. Filas yana aiki, maus yana aiki, hoto ko alama babu. Sau biyu ina mayar wa mai shago yana canja mini, na uku sai yaron shagon ya ce Hajiya kawo laftof ɗin mu gani. Ashe ramin nata na fayil ne kawai. Hob ɗin ba shi da laifin komai.

Abba_Gwale:
Yaya ake gane wanda yake fitar da hoton? Ni tawa ba a rubuta komai a gefen ramin ba.

Injiniya_Bello:
Abba, in ka ga alamar walƙiya a gefen ramin USB-C, galibi Thunderbolt ne, yana yin komai. In ka ga alama mai kama da harafin D, DisplayPort ke nan, hoto zai fita. In SS kaɗai aka rubuta, to saurin fayil ake nufi, ba a yi maka alkawarin hoto ba. In babu komai, ɗaga laftof ɗin ka karanta cikakken sunan samfurinta a ƙasa, ka nemo takardar bayaninta a shafin kamfanin.

Nura_Gyara:
Ƙaramin gyara, Injiniya. Alamar walƙiyar nan tana rikita mutane. Wasu kamfanonin suna sa irinta a gefen tsohon ramin USB mai faɗi, ma'anarta kawai ramin yana cajin waya ko da kwamfuta a kashe take. Ta Thunderbolt tana da kan kibiya a ƙasanta. A shago na sha ganin wanda ya zo da tabbacin yana da Thunderbolt alhali ba shi da ita.

Injiniya_Bello:
Haka ne Nura, na gode da ka kawo wannan.

Kabiru_Hoto:
Ni shawarata kada ka wahalar da kanka, ɗauki mai rami 12 kawai. Gara ya yi maka yawa da ya gaza. Yau ba ka buƙatar ramin katin kyamara, gobe za ka iya buƙata.

Nura_Gyara:
Yaya Kabiru, a nan kam ban bi ka ba. Ramuka goma sha biyun nan duk ta waya ɗaya suke shan ruwa. In hob ɗin na 5 Gbps ne, wato iyakar saurin wucewar fayil ta cikinsa ke nan, wannan biyar ɗin ce had dis da filas da katin kyamara da wayar intanet za su raba. Kuma in ka karanta kwalin da kyau, sau da yawa biyu ko uku daga cikin ramukan USB 2.0 ne, mai 480 Mbps, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan saurin. Sun isa kibod da maus, amma ka sa had dis a ciki ka ga yadda kwafe fayil zai zama tafiyar hawainiya. Sannan cusa abubuwa da yawa cikin ɗan ƙaramin gwangwani zafi yake kawowa. Mutumin da ya ce tebur yake so ya tsaftace, in ka ba shi abu mai ramuka ta kowane gefe, wayoyi ne za su fito masa gabas da yamma kamar ƙafafun gizo-gizo.

Kabiru_Hoto:
To ai ni aikina ne ya sa. Kati biyu nake zarewa daga kyamara duk bayan biki. Amma na yarda, ga mai lissafi ba dole ba ne.

Zainab_Zane:
Maganar ƙafafun gizo-gizon nan ita ce abin da ba wanda ya faɗa mini kafin in saya, don haka bari in tsaya a kanta. Ƙananan hob ɗin nan yawancinsu wayarsu a manne take, kuma gajeriya ce, ba ta wuce tsawon tafin hannu da kaɗan ba. Ma'ana dole hob ɗin ya kwanta a gefen laftof, a gaban idonka, duk wayoyin da kake gudu su taru a nan. Ni har laftof ɗina na ɗora a kan matashi na ƙarfe don ta kai tsayin ido, sai hob ɗin ya koma yana lilo a iska, nauyin wayar HDMI, mai kai hoto zuwa monita, yana jan ramin. Bayan 'yan watanni ramin ya fara sako-sako, da an taɓa tebur sai monita ta ɗauke.

Da na sake saye, abu biyu na duba kafin komai. Na farko, wayar da ke zuwa laftof ta zama mai cirewa ce, ko kuma doguwa. Na biyu, ramukan da ba a taɓawa kullum, wato HDMI da caji da intanet, su kasance a baya, na filas kuma a gaba. Yanzu na manne shi a ƙarƙashin tebur da tef mai manne fuska biyu, na ɗaure wayoyin da maɗauri mai ƙaya-ƙaya, na bi da su ta bayan ƙafar tebur. In ka shigo ɗakin waya ɗaya za ka gani ta leƙo. Malam Sadiq, tun da akwai yarinya mai jan waya, wannan ya fi maka yawan rami amfani.

Sadiq_Lissafi:
Malama Zainab Allah ya saka da alheri, wallahi kamar kin ga teburin. Ni ma a kan matashi laftof ɗin take. Ban taɓa tunanin tsawon waya ba.

Injiniya_Bello:
Sai dai a kula, in za a sayi doguwar waya daban, ba kowace wayar USB-C ce za ta yi ba. Wayar cajin salula da yawa a ciki USB 2.0 ce, ba ta ɗaukar hoto. Kuma waya ta gama-gari iyakarta wat 60. Wadda za ta ɗauki wat 100 sai mai ɗan guntun na'ura a kanta da ke shaida wa caja cewa za ta iya jure amfiya 5. A nemi wadda aka rubuta wat ɗinta da saurinta a jiki ko a kwali.

Dan_Maradi:
Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata kan kuran ce, wato wutar lantarki. Nan wurinmu in zafi ya yi ana yawan ɗaukewa. In aka ɗauke kuran alhali had dis yana jikin hob, me zai faru da fayil ɗin da ake rubutawa?

Nura_Gyara:
Dan_Maradi ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi mu ma. Iri biyu ne. Akwai hob da ke shan wuta daga laftof, kai kuma ka soka cajarka a jikinsa ta wuce ta cikinsa. Akwai kuma dok, wato babban hob mai zaman tebur, mai tasa cajar. Shi dok, da an ɗauke wuta ya mutu gaba ɗaya, duk abin da ke jikinsa ya yanke nan take. Shi kuwa hob, ya kamata ya juya ya koma shan batirin laftof, amma a wannan juyawar da yawansu sukan ɗauke na daƙiƙa ɗaya ko biyu, za ka ji kwamfuta ta yi ƙarar an zare abu an mayar. In a lokacin had dis yana tsakiyar rubutu, fayil zai iya lalacewa. Na karɓi irin wannan gyaran ba sau ɗaya ba.

Masu tallar kayan nan a Turai da Amurka ba sa kawo wannan zancen, don ba damuwarsu ba ce. Mu kuwa ita ce ta farko.

Sadiq_Lissafi:
Subhanallah. To wannan ya fi faɗuwar jiya tayar mini da hankali. Mene ne mafita?

Nura_Gyara:
Ko dai ka sa cajar da monitar a kan ƙaramin UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta in an ɗauke, ko inbata, ko kuma had dis ɗin shi kaɗai ka riƙa soka shi kai tsaye a jikin laftof lokacin da za ka yi aiki da shi. Waya biyu ke nan maimakon ɗaya, amma hankalinka a kwance. Kuma don Allah, fayilolin mutane kada su zauna wuri ɗaya tak. A samu kwafi na biyu.

Hajiya_Rabi_Abuja:
Mu a ofis an sa mana sola da inbata, tun daga nan ban ƙara ganin allo ya ƙifta ba. Amma a gida da janareto, lokacin da ake juya layi daga wutar gwamnati zuwa inji, sai na zare komai tukuna. Wani hob da na saya mai araha, marar suna, a irin wannan juyin ya ƙone, har warin roba ya cika ɗaki. Alhamdu lillahi bai tafi da laftof ɗin ba.

Abba_Gwale:
Ni kuma in na taɓa jikin hob ɗina ina jin yana ɗan tsikara ta kamar wuta. Lafiya kuwa?

Injiniya_Bello:
Abba, wannan yawanci rashin wayar ƙasa ne. Caja mai ƙafa biyu, ko soket ɗin da ba a haɗa masa ƙafa ta uku da ƙasa ba, yakan bar ɗan abin da ake ji a jikin ƙarfe. In cajarka tana karɓar filogi mai ƙafa uku yi amfani da shi, kuma ka sa mai aikin wuta ya duba soket ɗin gidan. In tsikarar ta yi ƙarfi har tana sa ka janye hannu, daina amfani da cajar.

Dan_Maradi:
Mu nan filoginmu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, irin na Faransa. Duk kayan da na sayo daga Kano sai na nemo abin juya baki. Wannan ma wani ƙarin tarkace ne a bayan tebur.

Aliyu_KL:
Ku yi haƙuri in dawo da mu kan tambayar Malam Sadiq. Ni a ganina, tun da laftof ɗinsa tana da Thunderbolt 3, me zai hana ya nemi dok na gaske? Thunderbolt yana iya kaiwa har 40 Gbps, ninki takwas na hob mai 5. Ina amfani da CalDigit TS4, rami 18, yana ba laftof har wat 98, monita biyu ba ko gezau. Tun da na saya ban sake tunanin waya ba.

Zainab_Zane:
Aliyu, kayan kirki ne ba musu, amma kuɗinsa zai iya yin kafaɗa da kuɗin T480 ɗin ta hannu. Ga cajarsa kuma ƙatuwa, ita ma sai an nema mata maɓoya. Mutum mai monita ɗaya da takardun Excel, me zai yi da 40 Gbps?

Aliyu_KL:
Gaskiya ne, ban auna da aljihu ba. Amma a lissafa da cewa dok yakan fi laftof daɗewa. Na canja laftof, dok ɗin yana nan.

Musa_Beirut:
A matsayina na mai sayar da kayan nan, akwai hanya ta tsakiya da mutane ba su cika sani ba, wato dok na ofis da ake kawowa na hannu. Kamfanoni a waje in sun canja kwamfutoci sukan fitar da su da yawa. Misali Dell WD19, yana da DisplayPort biyu, da HDMI, da ramin intanet, da USB mai faɗi guda uku, kuma yana aiki da laftof ɗin da ba Dell ba matuƙar raminta yana fitar da hoto. Abin da ba zai yi ba shi ne maɓallin kunnawa da ke kansa, wannan sai da Dell. Lenovo da HP ma suna da nasu. Tun da ThinkPad gare ka, na Lenovo zai fi dacewa, don maɓallinsa zai kunna maka laftof ko tana rufe.

Sharaɗi ɗaya: kada ka karɓa ba tare da cajarsa ta asali ba. WD19 da caja mai wat 130 ko 180 yake zuwa. Wasu sukan sayar da dok ɗin tsirara da araha, sai ka zo neman caja ka ga ta cinye rarar. Kuma mai S a ƙarshe, WD19S, ba shi da ramin abin sauraro, in kana buƙata ka lura.

Ko a Beirut Road ne ko Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, tafi da laftof ɗinka da cajarka. A haɗa a gabanka, a kunna monita, a sa filas a kowane rami, ka bar shi ya yi minti goma ka taɓa ka ji zafinsa. Mai kayan kirki ba zai hana ka gwaji ba.

Hajiya_Rabi_Abuja:
Malam Musa ya faɗi gaskiya, irinsa ne a teburina na ofis. Sai dai ba ƙarami ba ne, kuma yana da fanka a ciki, wani lokaci ana jin ta. Shi kuma ƙarami ya ce yana so.

Sadiq_Lissafi:
Eh Hajiya, teburin ne ba wuri. Amma in za a iya manne shi a ƙasa kamar yadda Malama Zainab ta yi, girman ba zai dame ni ba. Tambaya kuma: cajata mai wat 65 ce. In na sa ta a ƙaramin hob za ta isa?

Injiniya_Bello:
Za ta yi aiki, amma ka sani hob yana cire nasa kason kafin ya miƙa saura, sau da yawa wajen wat 15. Shi ya sa za ka ga an rubuta yana karɓar 100 yana ba da 85. Da caja mai 65, abin da zai isa laftof zai koma wajen 50. T480 za ta ɗauka, sai dai wani lokaci ta nuna maka saƙon cewa cajar ba ta da ƙarfi, ko batir ya riƙa cika a hankali in aiki ya yi nauyi. In da hali, sayi caja mai wat 100 ka bar ta a tebur dindindin, ta asalin kuma ta zauna a jaka. Da haka ko lanƙwasawa ƙarƙashin tebur ba za ka sake yi ba in za ka fita.

Wani abu kuma tun da T480 ce: Lenovo sun fitar da sabuntawa ta musamman ga na'urar Thunderbolt ta wannan zubin, suka ce a sa ta don kada ramin ya daina aiki. Tun da ta hannu ka saya, buɗe manhajar Lenovo Vantage ka tabbatar an sa. A nan ciki kuma za ka iya hana batir wuce kashi 80, tun da yanzu kullum a jone za ta wuni.

Fatima_Mac:
Don Allah in ɗan shigo da tawa. MacBook Air M1 gare ni, na ga hob mai HDMI biyu, ina so in haɗa monita biyu. Zai yi?

Aliyu_KL:
Anti Fatima, a'a. Air M1 da M2 monita ɗaya ta waje suke ɗauka. M3 tana ɗaukar biyu in an rufe murfinta, M4 kuma biyu ko a buɗe. Bayan haka, ƙananan hob masu HDMI biyu suna raba hoto ne ta wata hanya da Windows ke ganewa amma macOS ba ya ganewa, sai ki ga monitocin biyu suna nuna abu ɗaya. Mafitar ita ce dok mai DisplayLink, wanda sai kin sa masa manhaja. Yana yi wa aikin rubutu da lissafi daidai, amma wasu shafukan kallon fim masu kariya sukan nuna baƙin allo.

Fatima_Mac:
Na gode ƙwarai, saura kaɗan in biya kuɗin.

Kabiru_Hoto:
A ƙara da wannan ga masu monita 4K: ku duba ko an rubuta 60Hz a kwalin hob, wato hoto yana sabunta sau 60 a daƙiƙa. Da yawa 4K ne a 30Hz, maus yana tafiya kamar yana jan ƙafa. Monitar Malam Sadiq mai inci 24 dai na san 1080 ce, ba ruwansa da wannan.

Nura_Gyara:
Da ka ambaci maus ka tuna mini. In maus ɗinka marar waya ne mai ɗan filogi, kada ka soka shi dab da had dis a jikin hob. USB 3 yana fitar da hayaniya a zangon 2.4 GHz, wanda shi ne zangon da maus ɗin ke magana a kai, Intel ma sun yi rubutu a kan haka tun 2012. Mutane sukan zo mini wai maus ya lalace, ina matsar da filogin zuwa ramin USB 2.0 ko ɗaya gefen sai ya warke. To ka ga ramin 2.0 ɗin da na kushe ɗazu yana da ranarsa.

Umar_Jos:
Ban ga wanda ya kawo wannan ba: akwai monitar da ita kanta dok ce. Dell P2422HE misali, inci 24, tana ba laftof wat 65 ta USB-C, tana da ramukan USB da na intanet a bayanta. Babu wani akwati a tebur ko ƙarƙashinsa, waya ɗaya daga monita zuwa laftof, shi ke nan. In da ni ne, sai in sayar da monitar yanzu in cika.

Zainab_Zane:
Wannan ya fi komai tsafta kam. Amma ka tuna maganar Dan_Maradi, an ɗauke wuta monita ta mutu, duk abin da ke bayanta ya tafi tare da ita.

Umar_Jos:
Haka ne, sai da UPS. Amma ai dok ɗin Malam Musa ma haka yake.

Maman_Haidar:
Masu mannewa a ƙarƙashin tebur, ku riƙa tunawa da ƙurar hunturu. Ramukan da ba a amfani da su cika suke yi. Ni ɗan tef nake liƙa musu.

Sadiq_Lissafi:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Yanzu na ɗauko takarda na rubuta abin da zai zauna a jiki kullum: monita, kibod, maus, firinta, caja. USB mai faɗi uku ke nan, HDMI ɗaya, ramin caji ɗaya. Had dis zan bi shawarar Malam Nura, kai tsaye a jikin laftof, in na gama in mayar da shi aljihun tebur inda yarinya ba ta kaiwa. Zuciyata ta rabu tsakanin ƙaramin hob mai waya mai cirewa da dok ɗin Lenovo na hannu. Ranar Asabar in sha Allahu zan shiga kasuwa da laftof ɗin in gwada duka biyun.

Musa_Beirut:
Ka taho da wayar HDMI ɗinka ma, don a gwada da wadda za ka yi aiki da ita.

Aliyu_KL:
Ni dai har yanzu dok nake zaɓa maka. Maɓallin kunnawar nan kaɗai, ranar da ka fara rufe laftof ka jingine ta a bayan monita, za ka gane darajarsa.

Nura_Gyara:
A rufe a watan Afrilu, a ɗakin da ba na'urar sanyaya iska? Aliyu, zafin nan namu ba na Malesiya ba ne. In zai rufe ta, to ya tsayar da ita a tsaye inda iska ke ratsawa, ramukan fitar zafi suna kallon sama ko fili, kada ya manna ta da bango.

Abba_Gwale:
Na duba tawa kamar yadda Injiniya ya ce, takardar ta nuna ramin USB-C ɗin na fayil ne kawai, ba caji ba hoto. Amma tana da HDMI nata. Ni wane iri zan nema ke nan?